Gaisuwar da Ta Shekara Uku a Rumbu

A kaka ta huɗu ta sarautar Sarki Tunau ɗan Shekarau, yaƙin birnin Gamje da birnin Tarnai ya kai inda kowa ya gaji da shi, amma babu mai ƙarfin halin faɗa. Rundunonin biyu sun kafa sansani suna hangen hayaƙin juna, kogin Marke yana gudana a tsakani. Sau huɗu mayaƙan Gamje suna faɗawa ruwa don su ƙetare, sau huɗu maharban Tarnai suna mayar da su, har mutanen bakin kogin suka daina cin kifin wurin.

Barde Mijinyawa shi ke riƙe da 'yan baka da dakarun ƙasa na Gamje. Dogon dattijo ne mara yawan magana, gemunsa ya yi fari fat, yana ɗan jan ƙafar hagu saboda wani tsohon saran takobi. Shekara ashirin da bakwai ya yi wa marigayi Sarki Shekarau hidima, ga shi yanzu yana yi wa ɗansa. Sansaninsa na jikin wani ƙaramin ƙauye da ake kira Mashigi, don nan ne ruwan ya fi sauƙin ƙetarewa.

Ana nan, wata rana fatar tambarin runduna ta tsage da hantsi, ba wanda ya taɓa ta. Malamin runduna ya share ƙasa ya yi zane-zanensa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce shi dai bai ga nasara ba, bai kuma ga karyewa ba. Abin da ya gani wani baƙo ne tsaye a ƙofa, ba a yi masa maraba ba. Madawaki Barau, shugaban rundunar duka, ya ce zancen malamai ne, ya hau dokinsa ya tafi birni neman izinin Sarki a yi yunƙuri na biyar.

Kowace safiya Barde kan leƙa gidan wata tsohuwa a ƙauyen, Iya Hakama, inda ake kwantar da masu rauni. Ta haura tamanin, idonta ɗaya ya yi yana, amma babu wanda ya kai ta sanin saiwoyi a ƙasar nan. Ranar da Madawaki ya tafi, Barde ya shiga ya tarar da majinyatan a rumfa suna gardama, Iya na gefe tana daka magani.

Wani mahauci da aka yanke wa hannu yana cewa, "Ni dai abin da na ji, dawakin Sarki suka kora, goma sha biyu."

"Ina! Kan hanyar fatake ne," in ji na kusa da shi.

Suna ganin Barde suka bar gardamar. Sai wani da ke jingine da shigifa ya yi gyaran murya. Sunansa Anaruwa, masaƙi ne daga cikin birni, kibiya ta same shi a cinya, raunin ya ƙi rufewa.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Kai ka zauna a fada, mu ba mu zauna ba. Damina uku ke nan ban riƙe ƙoshiyar saƙa ba. 'Yar da na bari a goye, an ce mini yanzu tana bin uwarta rijiya. In Allah ya mayar da ni gida da ƙafa ɗaya, za ta tambaye ni wa ya yi mini haka, me kuma na yi masa. Me zan ce mata? Sanƙira ya yi shela a kasuwa cewa Tarnai ta raina mu. To, rainin me?"

Barde ya tsaya. Shekara uku yana tura mutanen nan cikin ruwa da wuta, bai taɓa jin ɗayansu ya tambaya ba, shi kuma bai taɓa tunanin faɗa musu ba. Ya ji kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji a gaban sarki ba. Ya jawo wani kifaffen turmi ya zauna a tsakiyarsu.

Ya ce, "Zan faɗa maka, Anaruwa, don ka biya da jininka. Da Allah ya karɓi ran Sarki Shekarau, babu sarkin da bai aiko da gaisuwar mutuwa ba, na kusa da na nesa, har waɗanda muka taɓa gwabzawa da su. Sarki Nomau na Tarnai kaɗai ya yi shiru. Shi kuwa amininsa ne tun suna samari, sun dafa Alƙur'ani a kan ba za su ci amanar juna ba. Aka yi bakwai, aka yi arba'in, ko ɗan aike. Majalisa ta ce shirun nan ƙin amincewa ne da sarautar Tunau. Aka ji nauyin a faɗa a kasuwa cewa an ƙi yi wa Sarki gaisuwar ubansa, shi ya sa aka ce wa sanƙira ya ce raini kawai."

Mahaucin ya dubi dungulmin hannunsa. A hankali ya ce, "Gaisuwa."

A nan ne Barde ya lura taɓaryar Iya ta daina sauka.

"Barde," in ji tsohuwar, "gaisuwar Sarki Shekarau kake faɗa? Wanda ya rasu da daminar nan da kogi ya cinye gonakin gangare?"

"Shi fa, Iya."

"Ai kuwa sun aiko."

Barde ya juyo gaba ɗaya. "Wa ya aiko?"

"Mutanen Tarnai mana. A ɗakin can manzon ya kwanta." Ta nuna wata bukka da haɓa. "Su biyu ne suka shiga ruwa da doki, alhali kogi ya cika ya batse. Ruwa ya tafi da ɗayan da dokin. Shi masunta suka tsamo shi, ya rungume wani ƙunshi a ƙirji, ya ƙi saki. Zazzaɓi ya rufe shi. Kwana uku ina yi masa jiƙo, ran na huɗu ya cika. Arzika sunansa. Mu muka yi masa sutura, ga kabarinsa can gindin tsamiya, bayan dangan gidana."

"Ba ku faɗa wa kowa ba?"

"Mun faɗa. Da kaka ta yi, barorin Madawaki suka zo tara hatsin runduna, maigari ya gaya musu. Suka tafi, suka dawo, suka ce a ja baki a yi shiru, maganar manya ce. Maigarin ma ya rasu bara." Ta share hannunta a zane. "Ni ina na san abin da ya haɗa wannan da yaƙi? Mu nan an ce mana a kan kamun kifi ne. Kullum ina cewa a raina, kifin me, da har za a kashe 'ya'yan mutane haka?"

Ta sa aka ɗaga murfin wani tsohon rumbu, aka zaro ƙunshin daga cikin wata tukunya da ta liƙe bakinta da laka saboda gara. Barde ya kwance da hannunsa. Turmi ne na farin saƙi, da goron da ya bushe ya zama kamar tsakuwa, da gafakar fata. A cikin gafakar akwai takarda naɗe, ruwa ya taɓa gefenta. Barde bai yi nisa a karatu ba, amma hatimin Sarki Nomau ya sha ganinsa a hannun ubangidansa.

Iya ta dube shi da idonta mai gani. "Na yi laifi ne da na ajiye?"

"A'a, Iya. A duk ƙasar nan ke kaɗai ce ba ki yi laifi ba."

Kafin azahar ya ɗaura sirdi.

Kwana biyu ya yi a hanya. Ran na uku da hantsi ya isa ƙofar fada, ya tarar majalisa ta zauna. Sarki Tunau na bisa karaga, saurayi ne da bai cika talatin ba, amma damuwa ta riga ta zana masa goshi. Galadima Jatau na damansa, Madawaki Barau na tsaye yana jawabi a kan yadda za a ɗaure jirage a ƙetare da tsayuwar wata. Barde ya tuɓe takalmi, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ajiye ƙunshin a gaban karaga.

Madawaki ya ce, "Barde ya bar sansani ba da izinina ba."

"Haka ne, Allah ya ba Madawaki nasara. In an gama sauraro, a hukunta ni." Ya juya ga Sarki. "Zaki, Allah ya ja zamaninka. Ban zo da labarin nasara ba, ban zo da na karyewa ba. Saƙo na kawo, wanda aka aiko maka shekara uku da suka wuce, ya maƙale a hanya."

Ya faɗi abin da ya ji a gidan Iya Hakama, bai rage ba, bai ƙara ba. Sarki ya yi nuni, magatakarda ya warware takardar ya karanta, yana fassarawa. Sarki Nomau ya rubuta cewa ranar da labarin ya iske shi bai iya fita salla da ƙafarsa ba. Ya ce ba aboki ya rasa ba, rabin jikinsa aka binne. Ya ce Tunau ɗansa ne, shi ya fara ɗora shi a kan doki yana ɗan shekara biyar, kuma muddin yana numfashi, duk mashin da aka nuna wa Gamje to Tarnai aka nuna wa. Ya roƙi a yi masa uzuri, da zarar ruwa ya janye zai zo da kansa.

Sarki ya ja amawalin rawaninsa ya rufe fuskarsa. Fadawa suka sunkuyar da kai, suka bar shi har ya nutsu. Da ya yi magana, muryarsa ta dushe.

"Na tuna dokin. Akawal ne, baƙi ƙirin. Yana riƙe da ni ta baya, yana cewa kada in ji tsoro." Ya ɗago. "Madawaki, ka san da wannan?"

Barau bai sunkuya ba. Babban mutum ne mai faɗin ƙirji, wanda bai taɓa juya wa maƙiyi baya ba, bai kuma juya wa tambayar ba.

"Na ji labarin wani baƙo ya mutu a Mashigi, Zaki. Ban nemi takarda ba, don ban so in gan ta. Lokacin nan kana sabon hawa, sarakunan yamma suna auna ka, hakimanka na gabas sun fara jan ƙafa wajen amsa kira. Tarnai kuwa kullum ƙara ƙarfi take, hanyar fatake duk ta koma ƙofarta. Nomau tsoho ne. Yau yana ƙaunarka, gobe wanda zai gaje shi bai san ka ba. Na ga in ba mu nuna ƙarfinmu a lokacin ba, ba za mu sake samun dama ba. Gamje na yi wa, ba kaina ba. In laifi ne, ga wuyana."

Galadima Jatau ya gyara zama. Shi ne mafi tsufa a majalisa, ba ya gaggawar magana.

"Allah ya taimaki Sarki. Abin da Madawaki ya yi babba ne, amma ba yau ce ranar shari'arsa ba. Runduna na bakin ruwa, manyan mahaya duk shi suka sani. Ban da haka, a duba wani abu. In aka buɗe maganar nan, me za mu ce wa matan da suka yi takaba? Mu ce musu kuskure ne? Talaka na iya jure mutuwar ɗansa in ya ɗauka a kan wani abu ya mutu. Ran da ya ji ba a kan komai ba ne, ban san abin da zai yi ba. Shawarata a nemi sulhu a hankali, a asirce, a bar jama'a da abin da suka sani."

Barde ya sake faɗuwa. "Zaki, a ba ni izini."

"Faɗi, Barde."

"Galadima ubanmu ne, ya fi ni hangen nesa. Amma jama'ar da yake cewa a bar su da abin da suka sani, ba su san komai ba. Na zauna da su. Wannan ya ce dawaki, wancan ya ce fatake, mutanen ƙauye suka ce kifi. Wani masaƙi ya tambaye ni abin da zai faɗa wa 'yarsa, na ga ashe shekara uku ina jan mutane zuwa mutuwa kamar awaki, ban taɓa ganin sun cancanci a gaya musu dalili ba. Ni ma ina cikin ɗakin nan ranar da aka yanke shawarar yaƙi, ban ce a aika a bincika ba. Laifin bai tsaya a kan Madawaki kaɗai ba. Batun asiri kuwa ya wuce, don a gaban majinyata tsohuwar ta yi magana. Abin da nake roƙo, a bar ni in ƙetare da ƙyallen nan. In sun harbe ni, an rage tsoho ɗaya. In sun saurare ni, an tsirar da dubu."

Sarki ya daɗe yana duban farin saƙin. Daga bisani ya ce, "Ka ƙetare, Barde. Ka ce wa Sarki Nomau gaisuwarsa ta iso yau, ɗansa kuma ya karɓa. Madawaki zai koma sansani ya riƙe runduna a inda take. Kada kibiya ɗaya ta tashi sai Barde ya dawo, ko an kawo gawarsa. Maganarmu da kai, Barau, tana nan."

Madawaki ya yi gaisuwa ya fita, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Barde bai jira shi ba, ya canja doki ya kama hanya a ranar.

Da ya isa Mashigi, ya tarar labari ya gama sansani. Daga rumfar majinyata ya fita, ya bi masu kai abinci, ya shiga wurin 'yan baka, ya kai har turken mahaya. Duk inda ya ratsa sai mutane su miƙe su bi shi da ido, ba mai tambaya.

Iya Hakama ta ce sai ta bi shi. Ya ce ruwa da haɗari, ga kibau.

Ta ce, "Kai ka ga fuskar manzon? In suka ce ƙarya kake, me za ka ce musu? Ni na rufe masa ido."

Da rana tsaka wani masunci ya tura jirgi. Barde na tsaye a gaba, ba takobi, ba garkuwa, ya ɗaura farin saƙin a kan gora ya ɗaga. Iya na zaune a tsakiya, ta riƙe gefen jirgin da hannu biyu. Suna kaiwa tsakiyar ruwa kibiya ta faɗo a gabansu, wata ta bi ta, ta kafe a katakon jirgin. Masuncin ya tsaya. Barde ya ce masa ya ci gaba.

A gaɓar Tarnai maharba suka kewaye su, aka kai su gaban shugaban rundunar, Kaura Ciwake. Siririn mutum ne mai jajayen idanu, ya kai shekara hamsin.

Kaura ya ce, "Yau kuma Gamje ce ke aiko manzo? Ku da kuka yanka namu, kuka hana mu ko gawarsa? Duk wanda ka gani a gaɓar nan, a kan jinin Arzika yake tsaye."

"Ba mu yanka shi ba, Kaura. Ba mu ma san an aiko shi ba. Mu a kan ba ku yi mana gaisuwa ba muka fito."

Wani gunaguni ya ratsa maharban. Kaura ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Wannan ce dabarar da Barau ya ƙulla bana?"

Sai Iya ta matso, tana dogara sanda. Ta ɗaga kai tana ƙare masa kallo.

"Kai ne ƙanen Arzika," in ji ta. "Goshinku ɗaya. Yana da wushirya, da tabon ƙuna a bayan hannun dama. Ba ya shan fura mai kauri, sai an tsinka masa."

Kaura ya yi tsaye kamar an dasa shi. Can ya ce, kamar mai magana da kansa, "Ni na ƙona shi. Muna yara, da bakin wuta."

"Ruwa ne ya kayar da shi, ɗana, ba mutum ba. A cinyata ya cika. Bai sha wuya sosai ba, zazzaɓin ya ɗauke masa hankali. Amma da safiyar ranar ya farfaɗo, ya ce in an zo nemansa a ce wa ƙanensa ya kula da Inna. Na yi ta jira. Ba wanda ya zo."

Kaura ya durƙusa a gaban tsohuwar, a gaban dukan mayaƙansa. Ya ce, "Inna ta rasu bara. Har ta mutu ba ta yarda a sa wa ƙofarta sakata ba, wai kada ya dawo ya tarar a rufe."

Iya ta ɗora hannu a kansa, ta bar shi ya yi kukansa.

Manyan mayaƙan Kaura suka ce tarko ne, kada ya ƙetare. Ya ce ko tarko ne sai ya ga kabarin. Ya tura mahayi ya kai wa Sarki Nomau labari, shi kuwa ya shiga jirgin shi kaɗai, bisa amanar Barde.

La'asar ta yi lokacin da suka tsaya a gindin tsamiyar. Kabarin a share yake, an kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Kaura ya zauna a ƙasa yana addu'a, Barde na tsaye a bayansa. Majinyatan da ke iya motsi suka fito ɗaya bayan ɗaya, Anaruwa na dogara sanduna biyu, suka zazzauna nesa kaɗan. 'Yan baka suka taru a bayan danga.

Ana cikin haka aka ji kofatai. Madawaki Barau ne ya iso daga birni, mahaya arba'in na biye da shi. Ya ja linzami, ya dubi wanda ke zaune a bakin kabarin, ya gane shi.

"Kauran Tarnai a gaɓarmu, ba ko wuƙa!" in ji shi. "Allah ya kawo mana yaƙin har gida. Ku kama shi. Gobe rundunarsu ba ta da kai."

Barde ya ce, "Bisa amanata ya zo, Madawaki. Kuma ka ji umarnin Sarki."

"Sarki ya ce kada kibiya ta tashi. Ban ce a harba ba. Ku kama shi!"

Ba wanda ya motsa. Sai Anaruwa ya ja jiki da sandunansa, ya zo ya zauna tsakanin dawakin da kabarin. Mahaucin ya bi shi. Sauran majinyatan suka bi, har suka yi sahu. Ba su ko ɗaga ido ba. Mahayan suka dubi mutanen da suka ci tuwo tare da su shekara uku, ga shi sai sun tattake su kafin su kai ga baƙon. Na gaba ya sauke mashinsa ƙasa. Na bayansa ma haka.

Madawaki ya juya hagu, ya juya dama. Tun da aka naɗa shi bai taɓa ba da umarni ya faɗi ƙasa ba. Barde ya zaci zai zare takobi, har ya matsa ya tare Kaura da jikinsa. Amma da Barau ya buɗe baki, ba tsawa ce ta fito ba.

"To, Cindo fa?" in ji shi. "Ɗana fa? In aka tashi haka, a kan me ya mutu?"

Duk Gamje an san babban ɗan Madawaki ya faɗi a yunƙurin farko, a can gaɓar Tarnai, ba a kuma samo gawarsa ba. Amma ba wanda ya taɓa jin uban ya ambaci sunansa tun ranar.

Kaura Ciwake ne ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa.

"Saurayin nan mai jan lifidi, wanda ya riga kowa hawa gaɓa?"

Madawaki ya gyaɗa kai.

"Ba mu bar wa ruwa shi ba. Mun yi masa wanka, limaminmu ya sallace shi. Ba mu san ɗan wane ne ba, mun dai ga jarumi ne. Yana ƙarƙashin wani gawo, mun jera duwatsu a kansa." Ya dubi Madawaki ido cikin ido. "Na san abin da ka yi, Barau, Barde ya faɗa mini a jirgi. Ban yafe ba, ban kuma san ko zan yafe ba. Amma an kula da nawa a nan. In kana so, zo in nuna maka naka."

Madawaki ya daɗe a kan sirdi. Sannan ya sauko da ƙyar, kamar wanda shekaru suka faɗo wa lokaci guda. Ya cire takobinsa da ratayarsa, ya miƙa wa Barde da hannu biyu.

"Riƙe rundunar, Mijinyawa, har Sarki ya yanke abin da zai yanke a kaina."

Majinyatan suka buɗa wa Madawaki hanya. Ya bi bayan Kaura zuwa bakin ruwa, masuncin ya riƙe masa hannu ya shiga, suka zauna su biyu, kowa na kallon gefensa. Barde ya tsaya a gaɓa har jirgin ya wuce tsakiyar kogi, ya ga ba kibiyar da ta tashi daga can. Sannan ya juyo ga mayaƙan da suka yi cincirindo a bayansa suna jiran bakinsa, ya ba da umarninsa na farko a matsayin mai riƙon rundunar Gamje: kowa ya kwance tsarkiyar bakansa.